Farin Tobi a Gonar Riɗi

Ya sani ne, ko bai sani ba? Ranar da maigidana ya tsayar da ni a tsakiyar gonarmu ta riɗi ya ɗauke ni hoto, ya san tobin da na yafa fari fat zai fito, irin wanda mace ke sawa a nan Sudan in mijinta ya rasu? Na yi wa kaina tambayar nan a kan sallaya, na yi ta a bakin murhu, na yi wa 'ya'yana ita har sun gaji da ni. Mai amsar yana kwance a maƙabarta. Ni ban iya rubutu ba, ɗiyata ce ke riƙe da alƙalami ina faɗa mata. In kuka ya zo min sai ta ajiye ta jira, don ba na ɓoye shi.

Alhaji mai gyara ne a kasuwar Gadarif. Da agogo ya fara, ya koma rediyo, da zamani ya juya ya koyi gyaran waya. Kakanninmu, nawa da nasa, daga yamma suka taso za su Makka, suka iske baƙar ƙasa mai ba da dawa, suka zauna. Shi ya sa ko mai shago a cikinmu ba ya rasa 'yar gona a bayan gari. Tamu ba irin ta masu tarakta ba ce wadda ido ba ya ganin ƙarshenta. Gefe guda riɗi, gefe guda dawa, aduwa ɗaya tak a tsakiya, sai wata siririyar hanya da ƙafafunmu suka fitar daga bakin gona zuwa gindinta.

Bayan rabuwar Sudan ta Kudu da 'yan shekaru, babban ɗanmu da ke aiki a Saudiyya ya zo hutu, ya bar wa ubansa tsohuwar kyamararsa da tsohuwar kwamfuta. Duk wanda ya ba mai gyara abu mai lafiya, shi ya ja. Yaron bai daɗe da komawa ba na fito daga kicin na tarar da kyamarar a farke a kan babban tirena na baƙi, 'yan kusoshinta kamar ƙwayar riɗi a cikin kofin shayi.

"Alhaji, lafiya lau yaron nan ya ba ka abin nan."

"Lafiya lau zan mayar da ita, ya Hajja. Tabarau kawai zan canza mata."

"A kan tirena?"

"Tirenki ya fi teburin shago tsabta. Yabonki nake yi."

Ya ɗago wani ɗan gilashi da bai fi farcen babban yatsa ba, ya nuna min. Ya ce rana tana zubo wani haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani, da Larabci ana ce masa tahtal hamra, wato abin da ke ƙasa da ja. Ɗiyata ta ce Turawa infirared suke kiransa. Masu ƙera kyamara sun sa wannan ɗan gilashin don ya tare hasken kada ya shiga. Shi kuma ya cire shi, ya sa wani da ɗanmu ya aiko masa, wanda in ka kalle shi baƙi ne, sai ka ɗaga shi ga rana ka ga ja ne mai duhu. Daga ranar kyamarar ta makance ga haskenmu, wancan ɗin kawai take gani.

Hoton farko darbejiyar tsakar gidanmu ce. Da ya juyo min fuskar kwamfutar sai na ja da baya. Itacen da nake sharar ganyensa kullum ya fito fari tas, sama a bayansa ta yi duhu kamar hadari ya haɗu, alhali ranar rana ce ƙwal.

Na ce, "Itacen nan takaba yake yi?"

Ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce, "A wannan hasken ganye mai lafiya ne ke fari, Hajja. Dubi reshen can da ya bushe, kin ga ya yi fari? Farin nan alamar ƙoshi ce."

Ban yarda da shi ba a ranar, amma na ja kujera na zauna, kuma zaman nan ya ɗauke ni shekaru.

Ƙasa kawai yake ɗauka, gona da itace da dutse da girgije. Mutum kuwa a'a. A shekarun nan na mulkin masu kishin addini ba a son a ga mutum da kyamara kusa da gada ko ofis ko rumbun hatsi, sai a tare ka ana tambayar wa ya aiko ka. Limamin unguwarmu kuma ya taɓa cewa hoton abin da ke numfashi gara a kauce masa, amma itace da dutse ba laifi. Alhaji ya haɗa biyun ya yi wa kansa doka. Yakan ce aduwa ba ta kai ƙara, girgije ba ya cewa an muzanta shi.

Da kansa ya koya, da ɓarna mai yawa. Masu hoton biki safiya suke so da yamma, shi kuwa daga hantsi zuwa azahar yake fita, lokacin da kare ma ke neman gindin bango. Ya ce hasken nasa a lokacin yake da ƙarfi. Kafin ya ɗauki komai sai ya durƙusa ya cika idon kyamarar da ɗanyar ciyawa ya danna, wai yana gaya mata wannan shi ne fari, ta auna sauran da shi. In ya manta da wannan durƙuson, duk abin da ya ɗauko ranar sai ya fito ja kamar ana leƙen duniya ta cikin kofin zoɓo. Rana kullum a bayansa yake barinta, don in ya fuskance ta sai hoton ya yi dusu-dusu da zobba. Akwai lokacin da wani farin tabo ya riƙa fito masa a tsakiyar kowane hoto kamar ƙyasbi a kumatu. Ya yi ta fama har ya gane in ya matse idon kyamarar da yawa ne tabon ke fitowa, sai ya riƙa sassauta shi. Da rani kuwa rataye ta yake yi, don ƙasar nan in ta bushe komai toka-toka yake fitowa. Damina yake jira, lokacin da gizagizai ke tasowa daga wajen Habasha kamar an tara auduga, ruwan hafir kuma, tafkin da ake tara ruwan sama, ya fito baƙi kamar tawada.

Ni aikina laima. Nakan riƙe masa ita don ya iya ganin ɗan madubin bayan kyamarar, in ya gama kuma in dafa jabana, gahawarmu ta nan, a gindin aduwa mu sha. Laka ta sha cire min takalmi a hanyar gonar nan. Maƙwabcinmu na gona yakan tsayar da jakinsa ya ce, "Alhaji, hoton fasfo kake yi wa riɗin? Aikin hajji zai tafi?" Shi kuma ya ce, "In ya tafi zai riga ka, ya fi ka shiri."

Amma rabin aikin a gida yake, bayan la'asar, a ƙarƙashin rumfa, in an kawo wuta. Yakan ce hoton da ya fito daga kyamara ƙullu ne, bai zama kisra ba tukuna, wato siririyar gurasarmu ta dawa. Sama takan zo da launin shayin da ba a sa wa madara ba, ganye kuma fari mai ɗan shuɗi-shuɗi. Daga nan sai mutum ya zaɓi inda zai bi da shi. Ko ya zare launin gaba ɗaya ya bar baƙi da fari, sama ta yi baƙi ƙirin. Ko ya yi abin da yake kira musayar ɗaki, ja ya koma wurin shuɗi, shuɗi ya koma wurin ja, sai sama ta dawo shuɗiya irin wadda muka sani, ganye ya tsaya fari. Akwai kuma wata hanya da yakan ƙara wa ganyen launi har ya yi rawaya ko ruwan hoda. Wannan kwalliyar amarya nake ce mata. Ya yi ɗokinta a shekarar farko, kowane itace sai ya yi masa jan baki, daga baya da kansa ya ji kunya ya bari.

Ni shuɗiyar sama nake so, shi baƙa. A kan wannan ba mu taɓa shiryawa ba. Nakan ce baƙar sama da rana tsaka ƙarya ce. Shi kuma ya ce shuɗiyar ma ƙarya ce, tunda shi ya musanya ta da hannunsa, sai dai ƙaryar da na saba da ita. Amma akwai inda yake jin maganata. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, in kyamara ta ɗan karkace sai ka ga duniya ta sunkuya gefe guda. Nakan ce, "Alhaji, ruwan hafir zai zube," sai ya miƙe layin. In kuma ya matsa wa farin don ya yi ƙyalli har ganye ya narke ya zama abu guda, nakan ce, "Ka ƙona shi. Wannan ba itace ba ne, gari ne aka zubar." Sai ya yi gunaguni ya rage wutar har ganyen su dawo ɗaya-ɗaya. Akwai wasu baƙaƙen ɗigo da ke fitowa a sama, kullum a wuri guda, ƙurar da ta shiga ranar da ya farke kyamarar. Ƙudajensa yake ce musu, ya bi su yana sharewa, yana cewa ashe tirena bai kai yabon da ya yi masa ba.

Abu na ƙarshe kullum shi ne yanka. Tunda rana a bayansa take, in da hantsi ne sai inuwarsa ta leƙo daga ƙasan hoton, kai da rawani da ƙafafu ukun da yake ɗora kyamarar a kai. Ya tsani abin nan. "Wannan baƙin mutumin ya sake shigo mana gona," in ji shi, sai ya ja layi ya datse ƙasan hoton. Ban taɓa ganin ya bar ta ba, ko sau ɗaya. Ya ce mai hoto in ya bar inuwarsa kamar tela ne ya bar allura a cikin riga.

A daminarsa ta ƙarshe ya fara kumburin ƙafa. Ya tafi Madani ganin likita shi kaɗai, ya hana kowa raka shi, wai kada a rufe shago kuma a bar gida. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce, "Sun ce ki rage min gishiri. Ke suka kama da laifi." Ban samu fiye da haka daga bakinsa ba.

Bayan 'yan kwanaki, riɗi ya yi fure, sai ya ce in shirya mu je gona, in sa tobin nan da ɗanmu ya kawo min. Tobi shi ne doguwar lafayar da muke naɗawa tun daga ka har ƙafa. Wannan shuɗi ne mai duhu da jajayen furanni, na biki ne da suna.

"A cikin laka?"

"Laka ta bushe. Ki sa dai."

Kuma ba da hantsi muka fita ba. Ya yi ta jan jiki, ya yi azahar, ya kishingiɗa, ya yi la'asar, sai da rana ta karkata sosai ya tare mana raksha, keken haya mai ƙafa uku. A bakin gona ya kafa ƙafafun kyamarar, ya durƙusa ya nuna mata ciyawa kamar kullum, na ga da ƙyar ya miƙe. Na buɗe laima, ya ce in ajiye ta in bi hanya in tsaya kusa da aduwa.

"Ni? Ina dokar taka?"

"Itacen ne nake so a san girmansa, sai an sa wani abu a gefe."

"Wani abu. To, na gode. Da ka zo da jaki."

"Jaki ba ya tsayawa in an ce ya tsaya. Ke ma dai ban tabbata ba."

Na tafi ina dariya. Ya juya kyamarar a tsaye, abin da ba ya yawan yi. Rana tana bayansa, tana dukan fuskata, ban iya ganinsa sosai ba. Na dai ga ya ɗaga hannu ɗaya sama, alamar in tsaya haka kada in motsa. Na tsaya.

Washegari bayan la'asar na kawo jabana rumfa, ya juyo min kwamfutar. Riɗi fari kamar an yi shimfiɗa, aduwa fara, girgije ya tashi a bayanta har ƙarshen hoton. A gefen itacen ga wata mace tsaye ita kaɗai, fari tun daga ka har ƙafa, ba shuɗi, ba fure ko ɗaya. Sai da na ɗan jima kafin na gane ni ce. Idona bai je ko'ina a hoton ba sai kanta.

"Goge shi."

"Hajja, dubi girgijen nan tukuna, ban taɓa samun..."

"Na ce ka goge shi. Kana zaune da ranka kana shan jabanata, ka sa min kayan takaba?"

"Wace takaba? Malamar makaranta na mayar da ke. Ga ɗiyarki nan kullum da farin tobi take zuwa aiki, wa ya yi mata ta'aziyya?"

"Ita da alli a hannu take sawa. Ni a tsakiyar gona ni kaɗai, wa zai ce malama ce?"

Ya ce rini don idonmu aka yi shi, wancan hasken ratsa shi yake yi ya tarar da zaren, shi ya sa tufa mai duhu kan fito fara. Na ce, to ka sani ke nan. Ya ce, "Yaushe na taɓa ɗaukar mutum da zan sani?"

A nan tambayata ta tsaya har yau. Kowace shekara muna ɗaura tsummokara a sanduna a gefen dawa don korar tsuntsaye, kuma tsofaffin tobobina ne nake yagawa, masu launi. Sun sha fitowa a hotunansa, farare. Mutumin da ke bin ɗigon ƙura a sama ɗaya-ɗaya, zai kasa lura da wannan? Amma kuma shi ne mutumin da ke neman hularsa tana kansa. In na ce ya sani, sai in tuna yadda fuskarsa ta faɗi da na yi masa tsawa. In na ce bai sani ba, sai in tuna Madani.

Ya ce zai gyara. Ya zauna yana shafa wa tobin shuɗi da hannu, a hankali, har da ƙoƙarin mayar da furannin. Da ya kira ni na leƙa, sai na ga kamar an yanko ni daga jikin motar lodi an manna a gonar. Shi kansa bai iya kallonsa ba tare da ya murtuke ba. Na ce wannan ya fi na farkon muni, a goge duka. Ya ce duk abin da na ce a gidan nan yana yi, gishiri ma ya bari, amma wannan hoton ba zai goge ba. Muka tsaya a kan haka, shi ba zai goge ba, ni ba zan kalla ba. Na ci gaba da zama da shi a rumfa muna faɗan sama shuɗiya da baƙa a kan wasu hotunan, wancan kuwa ba mai ambatonsa. Ban ga laifina ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Duk matar da aka nuna wa kanta cikin wannan farin, mijinta na gefenta da kumburarrun ƙafafu, abin da za ta ce ke nan.

Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke shi ba, kwanson ya tsage ya zubar da kansa a ƙasa. A shekarar nan aka yanke shi ba Alhaji, karo na farko tun aurenmu. Maƙwabcin nan mai jaki ne ya tsaya a kan aikin, ya zo ya gaya masa yana kwance a kan angarib, gadonmu na igiya. Ya ce, "Riɗinka ya tambaye ka." Alhaji ya ce, "Ka ce masa fasfona ya riga nasa fitowa." Mutumin ya fita waje yana share ido da bakin rawani. Aka kai Alhaji asibiti, aka dawo da shi, aka sake kaiwa. Likitoci suka gaya wa ɗiyata ƙodarsa ta daɗe da gajiya. Ko sun faɗa masa haka tun zuwan farko, ba wanda ya iya gaya mana. Kafin a gama sussukar dawa ya rasu, a gida, a ƙarƙashin rumfarsa.

Da mata suka naɗa min farin damuriyya, ƙyallen auduga mai kaushi na takaba, na sunkuya na dubi jikina sai na gane shi. Na riga na ga matar nan. Na yi kukan da har ƙanwata ta rufe min baki tana cewa in ji tsoron Allah. Ina jin tsoron Allah, kuma na yi kukana. Har yau in la'asar ta yi na ga kujerarsa sai na yi.

Da na fita takaba 'ya'yan suka tayar da maganar kwamfutar. Suna so a wanke hotunan ubansu a rarraba, kowa ya rataya. Da aka zo kan nawa sai murya ta yi ƙasa. Babban ya kira daga Saudiyya ya ce min, yadda ake kiran uwa a nan, "Yumma, a goge shi kawai, kada ya riƙa tayar miki da hankali. Da ma ke kika ce a goge." Ɗiyata ta ce a'a, a wanke mai launin, ko ba komai hannun Baba ne ya shafa shi. Na ce su buɗe min in gani.

Kala uku ya bari, a jere. Mai shafaffen tobi, mai shuɗiyar sama irin wadda nake so, da mai baƙi da fari. Wannan karon ban dubi matar ba, ƙasan hoton na fara duba. Ga ta nan a duka ukun. Inuwa ce doguwa ta yamma, ta taso daga bakin hoton ta kwanta a kan farin riɗi, baƙa ƙirin, ta bi gefen hanya ta nufi aduwa. Ga ƙafafu uku na kyamara, ga rawani, ga hannu ɗaya a ɗage. Ba ta kai inda nake ba, a tsakiyar hanya ta tsaya. Ya miƙe layin ƙasa, ya share ƙudajensa, ya rage wutar farin har ana ganin ganyen aduwa ɗaya-ɗaya, duk aikin ya gama, yankan kawai bai yi ba.

Maganar tobin ban sani ba, amma wannan na sani sarai. Mutumin da ke fita da hantsi bai jira rana ta karkata a banza ba, bai juya kyamara a tsaye a banza ba. Ba mu da hotonsa ko ɗaya sai na katin shaida, wanda ya fito a ciki kamar an kama shi da satar akuya.

Na ce mai baƙi da fari za a wanke. Ɗiyata ta ce, "Yumma, ke da kike son shuɗiyar sama?" Na ce a wancan inuwar ta fi fitowa, kuma ubanki ya ci wannan gardamar, a ba shi.

Da ƙafata na je kasuwa wurin mai wanke hotuna, dattijo ne da ya san Alhaji shekara da shekaru. Ya yi min gaisuwa, ya buɗe hoton, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Ya Hajja, hoton ya fi takardar tsawo. In na datse ƙasan zai zauna daidai. Da ma marigayi ba ya barin inuwa, ciwo ne ya sa ya manta."

Na ce, "Bai manta ba."

"To sai dai a rage shi, a bar farin fili a gefe da gefe. Ba zai cika firam ba."

"A bari. Kafinta ya yi masa firam daidai da shi."

Haka aka yi. Yana rataye a ɗakina, dogo siriri, daura da gadona. Mata in sun shigo sukan ce, "Allah sarki, a takaba aka ɗauke ki?" Nakan ce a'a, yana nan da ransa, ga shi can ƙasa yana ce min in tsaya.

Ban yi gardama da dattijon nan don taurin kai ba. Saƙo aka ba ni, sai dai a lokacin da aka ba ni ban san abin da ake nufi ba, tunda ban taɓa duba ƙasan hoton ba. Da safiyar ranar da zai rasu ya ce a fito da shi rumfa. Hantsi ya yi, irin lokacin da mukan tare raksha mu tafi gona. Na jiƙa masa leɓe da ruwa, na zauna a bakin angarib ina masa fifita. Ya daɗe yana kallon darbejiya. Bayan maganar da zan faɗa yanzu bai ƙara yi wa kowa magana ba sai kalmar shahada da aka laƙƙana masa. Ya kamo gefen tobina da yatsu biyu, na sunkuya, ya ce:

"Hajja, hoton nan naki. Tobin ki yi yadda kika ga dama da shi. Amma kada ki bari a yanke ƙasan. Ni ne a wurin."